Ga esi ga fanka, amma yara na tashi da ciwon kai: me ke damun iskar sabon gida?

Wani magidanci daga Rigasa ya aiko da tambaya. Ya ce bara suka tashi daga gidan gado a Tudun Wada suka tare a nasu da ya gina. Gidan ya sha silin na zamani, tagoginsa na gilashi ne masu ja, kowane ɗaki da banɗakinsa a ciki, ɗakin kwana ma har da esi. Amma tun da suka tare, yara ke tashi da ciwon kai da toshewar hanci, asmar uwargida ta dawo, kuma a watan Agusta baƙin tabo ya fito a bangon bayan kabad ɗin kaya. Yana son sanin yadda zai gane ko iskar gidan ce, da yadda zai gyara ba tare da rushe gini ba.

Malam, Allah Ya ba iyali lafiya, Ya sa albarka a gidan. Aikina ke nan shekara da shekaru, tsara hanyoyin iska da na'urorin sanyi a gine-gine, kuma abin da ka bayyana na sha ganinsa a sababbin gidajen Kaduna, daga Rigasa har Millennium City. Ban shiga gidanka ba, amma daga bayaninka zan iya cewa ɗakunan na da sanyi, sabuwar iska ce ba su samu. Abubuwa biyu ne mabambanta, kuma rashin rarrabe su shi ne tushen yawancin matsalar.

Esin da ake maƙalawa a bango, mai rabi a ciki rabi a waje, ba ya shigo da iska daga waje ko kaɗan. Bututun da ya haɗa ɓangarorin biyu sinadarin sanyi yake ɗauka, ba iska ba. Iskar ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya dawo maka da ita, da numfashinku da komai a cikinta. Fanka ma haka take, juya abin da ke ɗakin kawai take yi. To idan aka rufe ƙofa da taga ruf don kada sanyi ya tsere, mutum biyar sun kwana ke nan suna shaƙar numfashin juna har asuba.

Bari mu yi lissafi da ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, tsayin ƙafa 10. Iskar da ke cikinsa kusan lita 40,000 ce. Manya biyu da yara uku suna barci za su fitar da wajen lita 45 na iskar kabon dayokzaid a kowace awa, wadda ake rubutawa CO2. A waje, yawanta a iska kusan 420 ne a cikin miliyan. A wannan ɗakin, in babu inda iska ke kurɗawa, awa ɗaya ta isa ta ƙara sama da 1,000 a kai. Ko da ɗan abin da ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa, kafin kiran sallar farko za ta haura 2,000. Wannan adadin ba ya kisa, kada hankalinka ya tashi, amma yana tafiya tare da nauyin kai, kasala da barcin da ba ya wartsakarwa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, shaida ce cewa duk wani abu da ke yawo a ɗakin, ƙwayar mura ce, hayaƙi ne ko danshi, shi ma yana nan bai fita ba. Mu a wurin aiki muna son ɗaki ya tsaya ƙasa da 1,000. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2021 lokacin korona, ta ba da shawarar lita 10 na sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane mutum. Ɗakin da ke rufe ruf bai ko kusa da haka ba.

Gwajin farko ba ya buƙatar ko sisi. Gobe da asuba, in ka fita masallaci, ka ja ƙofar ɗakin yadda ta kwana. Idan ka dawo, hancinka ya wanke da iskar waje, ka tsaya a bakin ƙofa ka shaƙa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, hanci ma haka. In ka ji wani ɗumi mai nauyi da warin jiki ya tare ka, to abin da yara suka kwana a ciki ke nan, ba ka jinsa ne kawai saboda hanci yana sabawa cikin mintoci kaɗan.

Na biyu, ka kunna turaren tsinke guda ɗaya, ka kashe fanka da esi, ka buɗe tagar yadda kuka saba buɗewa. Riƙe shi a bakin taga, sannan a tsakiyar ɗaki, sannan a ƙasan ƙofa, kana kallon inda hayaƙin ya nufa. Akwai wani gida a Unguwar Dosa da na yi wannan gwajin, maigidan na tsaye a gefena yana ta nuna mini girman tagarsa. Hayaƙin ya miƙe sama kamar zare, ya bugi silin, ya bazu, ya tsaya a wurin. Sai na ce wa yaronsa ya buɗe ƙofar ɗakin da ta baya da ke ƙarshen baranda. Nan take zaren ya karye, ya kwanta, ya nufi ƙofa, labulen ma ya fara motsi. Tagar dai ita ce, ba a ƙara mata ko inci ba. Abin da ta rasa shi ne abokiyar aiki. Iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da ta inda za ta fita. Taga ɗaya a bango ɗaya, komai girmanta, abin da take yi kaɗan ne in aka kwatanta da ƙananan kafofi biyu a bango biyu masu fuskantar juna.

In da hali, akwai ƙaramar na'urar auna CO2 mai caji, girmanta kamar agogon tebur. Ka nemi wadda aka rubuta NDIR a jikinta, domin masu arha da yawa kintace kawai suke yi. Ka fara ajiye ta a tsakar gida na ɗan lokaci, in ta nuna tsakanin 400 da 500 to tana aiki daidai. Sai ka ajiye ta a ɗaki, nesa da bakin mai barci da taga, ka duba da asuba. Ba dole ba ce, amma tana raba gardama, musamman in ana jayayya a gida kan buɗe taga da dare.

Yanzu ga tagoginka. Ƙa'idar da masu zanen gini ke bi ita ce girman taga ya kai kashi ɗaya cikin goma na girman daɓen ɗaki, kuma wurin da ke buɗuwa ya kai aƙalla rabin haka. Taga mai ja ta ƙafa 4 da 4 a ɗakin 12 da 12 ta cika ƙa'ida a takarda. Amma gilashi ɗaya ne ke hawa kan ɗaya, saboda haka rabinta kaɗai ke buɗuwa. A wannan rabin akwai ƙarfen tsaro, akwai ragar sauro da ƙurar hunturu biyu ta liƙe mata ido, sannan ga labule mai nauyi har ƙasa, wani lokaci ninki biyu. In kuma an kai gini har jikin katanga, kamar yadda ake yi saboda ƙanƙantar fili, tagar bango take kallo. Tazarar da KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, ke nema tsakanin gini da katanga ba don kyan gani kaɗai ba ne, don iska da haske ne.

Gidan da ka baro a Tudun Wada, ina kyautata zaton yana da tsakar gida a buɗe, ƙofofi na kallonta, da ɗan gibi tsakanin bango da rufi. Tsofaffin gidajen gwamnati na Unguwar Rimi da na ma'aikatan jirgin ƙasa suna da dogon silin, baranda, tagogin yanka-yankan gilashi da ke buɗuwa gaba ɗaya, da 'yan kafofi a saman bango. Iska mai zafi sama take tashi, waɗannan kafofin su ne ƙofar fitarta, fitarta kuma ita ke jawo mai sanyi ta ƙasa. Yana ɓata mini rai yadda muka watsar da wannan ilimi da sunan zamani, muka koma gina akwatuna, alhali wutar da za ta riƙe esin ma ba ta tsayawa.

Gyaran ba ya buƙatar rushe komai. Ka sa birkila ya cire bulo ɗaya ko biyu a saman bango, kusa da silin, a bangon da ke fuskantar taga, a sa bulo mai huda da raga. In bangon na cikin gida ne, a buɗa saman ƙofa zuwa baranda, ita kuma barandar a tabbata tana da mafita zuwa waje. Kafinta ya rage ƙasan ƙofa da kamar faɗin yatsa. A wanke ragar taga da ruwa da burushi, za ka sha mamakin launin ruwan da zai fito. Da dare a ɗage labule mai nauyi, a bar mara nauyi. In za a kwana da esi, a bar tagar a buɗe kamar faɗin yatsu biyu ko uku, sanyin zai ɗan ragu amma barcin zai fi daɗi. Ɗakin da ba shi da mafita ta biyu ko ta halin ƙaƙa, a sa masa ƙaramar fankar bango mai zuƙe iska ta fitar waje. Ko fankar tsaye ma, in ka ajiye ta a bakin taga fuskarta na kallon waje na rabin awa kafin a kwanta, za ta yi wannan aikin. Sannan ka sa a duba saman silin. Rufin kwano a watan Maris da Afrilu yana mayar da wannan wurin kamar tanda, in ba a bar kafofi masu raga a bakin rufi ba, zafin ta silin yake sauko muku har tsakar dare.

Amma kafin duk wannan, akwai abin da ya fi gaggawa, kuma shi ne ya sa ciwon kan yaran ya tsaya mini a rai. Ina kake ajiye janareto? Ana shiga da garwashi ɗaki lokacin sanyi? Hayaƙin inji da gawayi na ɗauke da kabon monokzaid, iskar da ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau sama da 200. Alamominta ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, mutuwar jiki, abin da kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne. Abin lura shi ne mutane da yawa su kamu lokaci ɗaya a ɗaki ɗaya, in sun fita waje su ji sauƙi. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barci sai suma. Kusan duk shekara sai an ji labarin iyalin da aka wayi gari babu su saboda an shigo da inji baranda don tsoron ɓarawo ko ruwan sama. Janareto wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa, bakin hayaƙinsa na kallon wani gefe. Gareji ba waje ba ne, ƙarƙashin bene ba waje ba ne, lungun da ke tsakanin taga da katanga ma ba waje ba ne. A gina masa keji na ƙarfe mai kwado a can gefe. Ka kuma duba na maƙwabci, wani lokaci nasa ne ke hura maka ta katanga. Kaskon garwashi kuma kada ya kwana a ɗaki, ko da ya daina hayaƙi, domin jan garwashin nan da ba ya hayaƙi shi ma yana fitar da gubar. Ɗakin mai jego ne ya fi ba ni tsoro a hunturu: an toshe ko'ina don kada sanyi ya kama ta, an ajiye wuta, ga jariri da huhunsa bai yi ƙwari ba. Akwai ƙararrawa mai batir da ke ƙara idan ta ji wannan iskar, ina ganin duk gidan da ke da janareto ya kamata ya mallake ta. In aka yi zargin wani ya shaƙa, a fitar da shi fili nan da nan a wuce asibiti. Madara da manja ba su cire ta daga jini.

Sai hayaƙin da muke kunnawa da hannunmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, galibi daga girki da itace, gawayi da kananzir, ta jawo mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Kurfoti da murhun itace a tsakar gida ko rumfa mai buɗaɗɗen gefe ya kamata su zauna, kuma kada a yi girki da goyo a baya cikin hayaƙi. Gas ya fi tsafta nesa ba kusa ba, amma shi ma a buɗe taga lokacin girki. Harshen wutarsa shuɗi ya kamata ya zama, in ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, a gyara kan. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka kicin na buƙatar kafa a ƙasan bango, ba a sama kaɗai ba.

Maganin sauro na kunnawa, wanda ake kira igiyar leko, wani bincike da aka buga a 2003 ya nuna guda ɗaya na iya fitar da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Mai asma ba ta da haɗi da shi. Fiya-fiya kuwa maganin ƙwarin gona ne, ba na ɗakin kwana ba. Gidan sauro mai magani da raga mai kyau a taga sun wadatar. Turaren wuta, na san ba za a rabu da shi ba, ni ma a gidana ana yi, amma a turara ɗakin ba kowa a ciki, a buɗe taga hayaƙin ya fita, ƙamshin zai zauna a labule da kaya. A gwada dakatar da shi mako biyu a ɗakin uwargida a ga yadda ƙirjinta zai yi.

Baƙin tabon bayan kabad fumfuna ce. Agusta da Satumba su ne tsakiyar daminar Kaduna, iska cike take da ruwa, sabon bulo da filasta kuma suna ɗaukar watanni kafin su bushe. Da zarar danshin ɗaki ya daɗe sama da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, fumfuna ta samu gida, musamman inda iska ba ta ratsawa. Ƙurarta na tayar da asma sosai. Ka janye kabad ɗin daga bango kamar tafin hannu. Ka duba tabon: in daga ƙasa ya taso, fenti na kumbura yana fitar da farin gishiri, to ruwa ne ke hawowa daga tushen gini, sai a gyara magudanar ruwan waje a kuma nemi magini ya duba. In bangon na jingine da banɗaki, a nemi bututun da ke yoyo. A wanke da ruwan sabulu, ko bilic da aka tsarma sosai, taga a buɗe, hanci a rufe, uwargida kuma ba ta wurin. Kada a taɓa haɗa bilic da wani ruwan wanke masai, haɗin na fitar da iska mai ƙona huhu. Shafa fenti a kan fumfuna ba tare da an tsayar da ruwan ba asarar kuɗi ce, damina mai zuwa za ta dawo. A daina shanya a ɗaki. In kabad ɗin da kujerun na katakon matse ne sababbi, su ma gam ɗinsu na fitar da wari mai yaji a ido na tsawon watanni, maganinsa buɗe taga ne.

Banɗakin cikin ɗaki kuma, a rufe ƙofarsa, a bar tagarsa a buɗe. Akwai ɗan ruwan da ke tsayawa a gwiwar bututun ƙasa, shi ke tare warin sokawe. A hunturu yakan bushe in ba a amfani da banɗakin, sai wari ya dinga shigowa ba a san daga ina ba. Kofi biyu na ruwa a magudanar duk mako ya isa.

Na san abin da za ka ce: a hunturu fa, da ƙura ke shiga ko'ina? Gaskiya ne, kuma nan ne aikin ke da wuya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na tasowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take. Ƙananan ƙwayoyinta, waɗanda ake kira PM2.5, suna wucewa har cikin huhu, kuma ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 shi ne kada su wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska, wato lita 1,000, a matsakaicin yini. Ranar hazo mai kauri ana ninka wannan sau da yawa. Duk da haka toshe gida gaba ɗaya ba mafita ba ce, an gudu ne ba a tsira ba. Lokacin rani da cunkoso a rufaffen ɗaki shi ne lokacin sanƙarau, wanda a annobar 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, akasari a Arewa. Abin da nake ba da shawara shi ne a rufe tagogin gefen arewa da gabas, a bar na kudu da yamma a ɗan buɗe. A guji buɗewa da magariba, lokacin da hayaƙin girki da na ƙona bola ke kwanciya a unguwa. A bar shara da tsintsiya a cikin ɗaki, a koma goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma. A wanke ragar cikin esi duk mako biyu. Kwanon ruwa ko jiƙaƙƙen tawul na ɗan rage bushewar hanci, amma ba ya tace ƙura. In da hali, na'urar tace iska mai matatar HEPA a ɗakin mai asma tana taimakawa ƙwarai, sai dai ita ma ba ta cire numfashi, ƙura kaɗai take kamawa. Da damina ta sauka, iska ta juyo daga kudu maso yamma, sai a buɗe ko'ina.

Game da lafiyar iyalin, ni injiniya ne, gini nake dubawa. A kai uwargida likita ya sake duba magungunanta, kada a jira gyaran bango. Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu a gidan, a kai shi gwajin tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Daren yau kuwa, ka fara da matsar da janareto, ka bar tagar ɗakin yara da ƙofarsu a ɗan buɗe, ka sa su a gidan sauro. Bayan mako ɗaya ka tambaye su yadda kansu yake da safe, ka kuma rubuto mini inda hayaƙin turaren ya nufa a kowane ɗaki, da gefen da tagogin ke kallo, sai in faɗa maka bangon da ya fi dacewa a buɗa.